Tuwon Akuyar Garba

Mun sha wuya a wata shekara can baya, wuyar da ba ta da daɗin faɗi. Ni ba mai son tone-tonen baya ba ne, kuma rubutuna ba na kirki ba ne, a aji uku na tsaya. Amma daminar bana ta yi mana irin shigar waccan. Rumbu ya yi ƙasa tun ba a gama noman farko ba, ga gero kore shar a gona, ba ya ciyuwa. Sai kuma shekaranjiya ɗiyata Hauwa ta dawo daga makaranta ta ce an naɗa ta monita, wai daga yau duk wanda ya rage abinci a kwano a gidan nan da ita zai yi. Ƙannenta suka yi ta dariya. Ni na tashi na fita ƙofar gida. Uwarsu ta ɗauka raina ne ya ɓaci. Ba ɓacin rai ba ne. Haliru na tuna.

Lokacin a Gwandu muke, Turawa ba su tafi ba tukuna. Shekarata goma sha huɗu ko sha biyar, ba wanda ya rubuta. A makare aka sa ni elementare, mai unguwa ne ya rasa yaron da zai cika wa hukuma ya kamo ni, shi ya sa na fi kowa tsawo a ajinmu. Mu huɗu ne a gida: Baba, Inna, ni, da ƙanwata Kulu mai shekara biyar. Tsakanina da ita an haifi uku, ba su zauna ba.

Mutane sun saba jin fari ke kawo yunwa. Mu ruwa ya kawo mana. Daminar da ta gabaci waccan, sama ta buɗe kwana da kwanaki ba ta rufe ba, gero ya yi baƙi a tsaye, in ka murza zangarniya a hannu sai ruwa da wari. Abin da muka ɗaure bai kai rabin rumbu ba. Muka ci da rani, muka ci da bazara, irin bazarar da ƙasa ke gasa tafin ƙafa, ruwan randa ma ɗumi gare shi. Ranar da ruwan shuka ya sauka Baba ya shiga rumbu da kansa ya share gindinsa da tafin hannu. Abin da ya fito da shi muka shuka. Daga ranar babu ƙwayar hatsi a gidanmu.

Sai ganye. Tafasa, yaɗiya, rama, in an samu dusa a barbaɗa. Da hanza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciyu. Motoci sun riƙa kawo garin rogo daga kudu, mai abin sayarwa ya sayar ya saya. Babbar rigar Baba ta tafi, tasoshin Inna suka bi. Daga ƙarshe sai jar akuyarmu. Baba bai kai ta kasuwar gari ba, ya ja ta tun da asuba zuwa wajen Kambaza don kada wanda ya san shi ya gani. Turken da igiyar ya bar su a inda suke.

Sai na faɗi halin Baba, in ba haka ba ba za a gane sauran ba. Kakanninsa masu shanu ne. Shanun sun ƙare tun zamanin ubansa, halin bai ƙare ba. Ban taɓa jin ya ce wa ɗan Adam "ba ni" ba. Ya tara mu ya ce duk wanda ya fitar da zancen gidan nan waje, ya nemi wani uba. Safe da yamma Inna na hura wuta ko da ruwa kaɗai ne a tukunya, don maƙwabta su ga hayaƙi. Takan zuba 'yar dusa a turmi ta yi ta daka da ƙarfi, don a ji.

A makaranta yara na zuwa da ɗumame a ƙananan kwanoni, a ci da hutun tara a gindin durumi. Ni nakan zauna nesa in ce na ci a gida. Akwai wani ɗan aji ɗaya, Nomau, ɗan maƙwabciyarmu Gwaggo Tumba. Ubansa fataucin gishiri yake, suna da hatsi. Wata rana tuwo ya fi ƙarfin Nomau, ya ɗaga zai watsar, na ce ya ba ni in kai wa akuyata. Bakina ne ya faɗa, ban shirya ba. Washegari sai ga shi da malmala biyu. Ya ci ɗaya, ya ce uwarsa ta ce ɗayar ya ɗora a kan faffaɗan dutsen da ke bayan makaranta, na akuyar Garba ne. Kafin mako ya zagayo yara huɗu ko biyar na ɗorawa, duk 'yan unguwarmu. In an tashi sai in zagaya in tattara a tsumma in kai gida. Inna ta marmasa shi cikin ganye ta ɗumama. Kulu ke fara ci, sannan ni, Inna ta suɗe tukunya. Ta gaya wa Kulu cewa akuyarmu ta tafi kiwo nesa, ita ke rago mata. Baba bai taɓa ci ba, bai kuma taɓa tambaya ba. In ya ga na shigo da ƙunshin sai ya ɗauki buta ya zagaya.

Damina ce fa. Ciyawa har gwiwa a bakin kowace hanya. Duk wani babba a unguwar ya san akuya ba ta neman tuwo a irin wannan lokaci, kuma an daina jin kukanta ta kan danga. Ba wanda ya ce uffan. Haka ake yi a wurinmu. Mutumin da ba za a iya miƙa wa ba, sai a ajiye inda zai ɗauka. Abin da aka yar ba shi da mai shi. Abin da aka ba ka, gobe za ka haɗu da mai shi a masallaci.

Haliru shi ne babban monita. Ɗan Kalgo ne, yana zaune wurin kawunsa malamin asibiti, yana aji huɗu. Siriri, dogon wuya, rigarsa ɗaya amma kullum wankakkiya. In hedimasta ya tafi duba gonarsa, a hannunsa yake barin makarantar. Bai taɓa dukan kowa ba, kuma duk da haka in ya yi magana ana ji. A can Kalgo ambaliya ta cinye musu shinkafa a bara, ya ci bado, ya ga uwarsa tana share ƙasar kasuwa tana tsintar ƙwayoyi. Shi ya sa idonsa ba ya iya ganin abinci a ƙasa.

Wata Litinin ya zagaya bayan makaranta kafin ni, ya tarar da tuwo a kan dutse, kiyashi sun fara hawa. Ya buga ƙarfe ya tara mu. Ya riƙe malmalar a tafin hannu yana hure kiyashin ɗaya bayan ɗaya. Bai yi faɗa ba. Ya tambaya wa ya zubar, yara suka haɗa baki suka ce ba zubarwa aka yi ba, na akuyar Garba ne. Ya juyo ya dube ni.

"Garba, akuyar taka ba ta cin ciyawa?"

Yara suka kwashe da dariya, wani ya yi kukan akuya daga baya. Ga yara sun fi arba'in suna kallona, kuma kowane zai kai gida abin da na faɗa. Na ce, "Tana ci."

"To ta ci ciyawa. Wanga na mutane ne."

Shi ke nan. Da kalma biyu na yanke wa Kulu abincinta.

Ba zan yi masa ƙarya ba, koyarwarsa ta yi kyau. Har yau ban ga wanda ya iya da yara kamarsa ba. Ya jera su a gindin durumi ya ce kowa ya faɗi aiki ɗaya da aka yi kafin loma ta zo bakinsa. Wannan ya ce sassabe, wannan shuka, wannan noma, maimai, girbi, sussuka, sheƙa, surfe, niƙa, ɗebo ruwa, hura wuta da jiƙaƙƙen icce. Da aka kai ƙarshe ya ce duk wanda ya watsar da loma, duk waɗannan mutanen ya watsar, har da uwarsa. Ya ce kowa ya gaya wa gida a zuba masa daidai cikinsa. Ya fito da wasa: in an gama ci, kowa ya kife kwanonsa a ka kamar hula, wanda miya ta zubo wa a goshi a yi masa dariya. Yara suka so abin. Sai ka gan su a jere da kwanoni a ka suna tafiya kamar dogarai.

Abin da ya rage duk da haka, ya koya musu yanka shi siriri da zare, a shimfiɗa a faifai a ɗora kan rufin makaranta. Da ƙanzo, da gutsuren ƙuli. Damina ce, rana ba ta da tabbas, don haka ya sa masu kallon sama. Da hadari ya taso daga gabas sai ka ga yara sun ruga suna sauko da faya-fayai suna ihu. In ya bushe ƙarau, a zuba a wani tulu a kusurwar aji, a ɗaure bakin da tsumma. Ranar Juma'a in an sauko masallaci, a raba wa duk wanda ya zo ƙofar makaranta. Garin cike yake da baƙi daga arewa, suna kwana a gindin katangu, su ba su da wanda za su ji kunyarsa.

Tulun kuwa ni ya ba tsaro. Ya ja ni gefe ya ce ni ne babba, ni kaɗai yara ke shakka, kuma ya san ba ni da hannu. Ya ce kada in riƙe zancen akuya a raina, ba don ya ba ni kunya ya yi ba. Na ce ba komai.

Gwaggo Tumba ba ta daina zuba malmala biyu ba, amma yanzu Nomau ya zama ɗan gaban goshin Haliru, ta biyun faifai yake kai ta. Haliru ya ga abin bai tsaya ba, sai ya je gidan da kansa, ya durƙusa a zaure ya yi bayani da ladabi. Ta amsa masa daga bayan zana.

"Ɗan Kalgo, tuwona ne, ni na tuƙa. Ka bar akuyar mutane ta ci abinta."

"Gwaggo, mutane na mutuwa."

"Na sani. Shi ya sa."

Shi da bakinsa ya ba ni labarin, yana girgiza kai, wai manya sun fi yara wuyar koyo. Abin da bai lura da shi ba, mijinta na zaune a zauren yana ji. Daga ranar mutumin ya ɗauke ragamar rumbu, shi ke auna hatsi da hannunsa kowace safiya, ba ƙari ko na cikin cokali. Ba mugu ba ne, shi ma rumbunsa ya fara ƙara in an ƙwanƙwasa. Sauran matan unguwa kuma 'ya'yansu suka hana su, kowane yaro na tsoron a ce gidansu ake ɓarna. Gwaggo Tumba ta rage nata cin, ta aiko da kwano gidanmu da yamma. Baba ya ce wa ɗan aiken a ce mata an gode, mun riga mun ci. Ya sa Inna ta ɗora 'yar daddawar da ta rage mana a kan murfin, don kada kwano ya koma ba tukuici. Ina tsaye ina kallo. Ƙanshin miyar kuka ya daɗe a zauren bayan yaron ya fita.

Sai marka ta kama. Yayyafi ba dare ba rana, sama fari fat, icce ba ya kamawa sai hayaƙi mai sa hawaye. Katangar bayan ɗakinmu ta fara zubewa. In na taso makaranta sai in wuce gona in tarar da Baba yana maimai, ya ɗaure cikinsa da rawani tam. In ya kai ƙarshen kunya sai ya daɗe a duƙe kafin ya miƙe. Ni ma in na ɗago sai in ga gonar na juyawa. Ga gero ya yi ciki, wasu sun fara fitar da kai. Kowa na cewa saura kaɗan a ci tumu, wato sabon gero gasasshe. Saura kaɗan ɗin ne ke kashe mutane.

Inna ta kasa jiran hanza ta gama jiƙa. Ta dafa ta da sauran ɗacinta. Mu manya cikinmu ya ɗauka, na Kulu bai ɗauka ba. Zawo ya kama ta. Cikin kwanaki ƙafafunta suka kumbura, in ka danna da yatsa sai ramin ya zauna. Gashinta ya yi ja ya yi laushi. Da farko tana kuka, daga baya ta daina. Tana kwance a tabarma bakin ƙofar ɗaki, in na shigo sai ta dubi hannuna kafin ta dubi fuskata. Wata rana ta ce, "Yaya, yau ma akuya ba ta rago mani ba?" Na ce ta yi nisa ne, gobe. Inna ta juya baya ta shiga hura wutar da ba abin ɗorawa.

Kuma kowace safiya ni ke kwance bakin tulun, yara su zuba, in ɗaure. Na san ƙanshinsa, na san ƙarar da busasshen tuwo ke yi in ya faɗa kan ɗan'uwansa. Ranar Juma'a ni ke riƙe ƙoƙon awo. Baƙi su jeru da ƙwaryarsu, tsofaffi da mata masu goyo, in zuba musu, su yi mani addu'a. Juma'a biyu na yi haka. Yunwarsu gaskiya ce, ban ce ba su cancanta ba. Amma da hannuna na raba tuwon Gwaggo Tumba ga mutanen da ban san sunansu ba.

Ban ɗauki ko gutsure ba. Mutane in na ba su labarin nan sukan ɗauka yabon kaina nake. Ba yabo ba ne. Akwai ranakun da ni kaɗai ne a ajin, da na cika aljihu ba wanda zai sani. Tsoron a ce mani ɓarawo a gaban yara ya fi mani ƙarfi fiye da abin da ke kwance a tabarma. Ina ganin laifin Baba, alhali ni ma shi ne. Abin da na iya kawai, bayan an raba, nakan kwance tsumman bakin tulun in kai gida, in ɗaure tulun da wani. Garin da ya maƙale a jiki Kulu ke tsotsa.

Na daina yi wa Haliru magana, in ya ce yi in yi, shi ke nan. Ya lura. A tunaninsa har yanzu haushin akuya nake ji. Ranar wata Laraba bayan la'asar, ruwa ya ɗan tsagaita, sai ga shi a ƙofar gidanmu da ƙaton damin ciyawa a ka, rigarsa ta jiƙe ta yi kore. Baba na zaune a zaure yana gyaran ƙotar hauya, ni ina gefensa. Haliru ya yi sallama ya durƙusa da kayan a ka, ya ce shi ne ya hana akuyar Garba tuwo, shi ya sa ya yanko mata wannan don a huce.

Baba ya ci gaba da gyaran ƙotarsa. Da ya so sai ya ce ajiye nan, an gode, yaron ya tafi. Abin da na zata ke nan. Sai na ji ya ce, ba tare da ya dube shi ba, "Shiga ka ba ta da hannunka."

Iyakar roƙon da ubana ya taɓa yi a duniya ke nan.

Haliru ya shiga, na bi shi. Ya nufi inda ya hango turke. Igiyar na nan a ƙasa ta ruɓe, ciyawa ta tsiro kewaye da turken har ta kusa rufe shi. Ba kashin akuya ko ɗaya. Ya tsaya yana kallon ciyawar nan da ta tsiro. Sannan ya juya ya ga tukunya a murhu da ganye tsagwaronsa, ya ga Kulu a tabarma da tsumman bakin tulunsa a hannunta. Ya gane tsumman, shi ya yago shi daga tsohon wandonsa. Ya sauke damin a hankali a gindin turken kamar mai gudun tada wani. Ya ce wa Inna sannu. Ya fita.

Kafin magariba ya dawo da tulun a ka. Kwana biyar ke nan ana tarawa, ya kai rabi. Bai tsaya a zaure ba, ya wuce ya ajiye shi kusa da ciyawar, ya ce da ƙarfi yadda Baba zai ji, "Na akuya ne." Baba ya ɗauki buta ya zagaya.

Inna ta jiƙa kaɗan ta dama shi ruwa-ruwa. Kulu ta sha cokali biyu, ta yi murmushi, ta ce akuya ta dawo. Abincin bai zauna a cikinta ba, ya dawo. Aka sake gwadawa, ya sake dawowa. Cikin ya riga ya daina karɓa. Washegari da hantsi ta cika, Inna na riƙe da ita.

Ƙasar maƙabarta ta sha ruwa, muna haƙa ruwa na tsatsowa, sai da aka riƙa kwashewa da ƙoƙo. Haliru ya karɓi magirbi ya ƙi ba kowa har tafin hannunsa ya fashe. Ba ta da nauyi, a hannu Baba ya ɗauke ta. Gonar da ke jikin maƙabartar geronta ya fitar da kai gaba ɗaya, yana ta kaɗawa. Bayan kwana goma sha ɗaya aka fara cin tumu a Gwandu.

Da aka dawo mutane suka zauna a zaure. Gwaggo Tumba ta shigo ta zauna kusa da Inna har yamma. Da aka watse Haliru ya matso gaban Baba ya durƙusa ya ce, "Baba, ni ne."

"Ba kai ba ne, yaro. Kwananta ne ya ƙare. Kai abin da ka gani ka gyara." Sannan ya ce, "Ni na san wanda za a tambaya."

Na raka Haliru bakin hanya. Ya ce don mi ban faɗa masa ba, ko a kunne. Na ce shi don mi bai tambayi kowa ba, ga mutane cike da unguwa. Mun daɗe tsaye cikin yayyafi. Sannan ya ce shinkafar ubansa a fadamar Kalgo ta tsaya da kyau bana, uban na neman mai korar tsuntsaye, akwai ci, kuma in an yanke za a ba ni abin da zan aiko gida. Ya ce wannan ba kyauta ba ce, aiki ne, Baba ba zai ƙi ba. Ya kwatanta mani gidan.

A Kalgo na zauna har yau. Haliru ya yi karatu ya zama malamin makaranta, daga baya aka dawo da shi nan, muka yi shekaru muna sallah a masallaci ɗaya kafin Allah ya karɓi abinsa. Bai daina koya wa yara kada su ɓatar da abinci ba, kuma gaskiyarsa. Amma yaransa sun gaya mani duk shekara in damina ta yi tsakiya, yakan bi gidajen ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya, wai duba dabbobi yake. Ba mu taɓa ta da zancen ba. 'Ya'yana na kife kwano a ka in sun gama ci, ni na koya musu, ba su san inda na samo ba. Yanzu akwai shago a kowane lungu, mota na shiga ko'ina, mai yunwa kan faɗa a ji. Ban sani ba ko an daina hura wutar banza don maƙwabta. Ni dai in na ga hayaƙin gida ba ƙanshi, nakan tsaya.

A daren da aka binne Kulu ba wanda ya ci komai a gidanmu. Tulun na nan gindin turke. Inna ta dube shi ta dubi Baba, ya ce a bar shi, ba namu ba ne. Kwana biyu ke nan ban ga ya sa ko ganye a baki ba, in ya miƙe sai ya dafa bango.

Washegari da safe na fito na kama turken da hannu biyu na girgiza shi har ya tumɓuke. Na faskara shi da gatari, cikinsa a bushe yake, na kai wa Inna na ce ta hura wuta. Na ɗauko tulun na shigar da shi ɗaki. Ta dafa busasshen tuwon da ruwa da gishiri, na zuba a akushi na kai zaure na ajiye gaban Baba. Na ce masa babu akuya a gidan nan, kowa ya sani, tun tuni kowa ya sani. Ban taɓa yi masa magana a tsaye ba sai ranar. Na jira. Ya daɗe yana kallon akushin, sannan ya wanke hannu ya sa. Sai da na ga ya haɗiye loma ta uku na ɗauki allona na makaranta na kai na jingine a ƙofar aji, na kama hanyar Kalgo.